Yadda Basakkwace zai yi zamiyar dare a kan dusar ƙanƙara in ya je hutu tsaunukan Turai

Ranar da na gaya wa Inna cewa ƙanena da ke karatu a Jamus ya shirya mana mu hau dutse da dare mu gangaro a kan kujerar katako, sai ta ajiye carbinta ta ce, "Kai ɗan ga, mi za ya kai ku bisa dutsi cikin dare, ga ɗari?" Tambayarta tana kan hanya. Mu mutanen garin da zafin Afrilu kan haura digiri 40 ne, garin da in hunturu ya sauko da dare zuwa digiri 15 za ka ga masu shayi da 'yan kabu-kabu sun kewaye wuta suna jin ɗumi. Amma mun je, mun yi, mun dawo lafiya lau. Tun daga nan 'yan kasuwa da malaman jami'a masu zuwa taro Turai suke tambayata yadda ake yi. Ga shi dalla-dalla, kuma abin da zan fi tsayawa a kansa shi ne birki, domin duk wahalar wannan wasa a nan take.

Abin da ake hawa kujera ce 'yar ƙasa, kamar kujerar tsugunno da aka ja tsawonta. Tana da ƙafafu biyu dogaye masu lanƙwasa a gaba, an shimfiɗa musu ƙarfe a ƙasa don su riƙa sulɓi, sai igiya guda a goshinta. Ba inji, ba sitiyari, ba birki. A Suwizalan sunanta Schlitten, a Ostiriya kuwa Rodel, ni kuma zan kira ta kujerar zamiya. Tsohuwar sana'a ce a can: da ita mutanen duwatsu ke sauko da itace da ciyawa a da, kuma a garin Davos aka yi gasar tsere da ita tun 1883, shi ya sa har gobe ake kiran samfurin katakon da aka fi sani da sunan garin.

Zaɓi wuri da lokaci

Lokacin daga tsakiyar Disamba ne zuwa farkon Maris, daidai da hunturunmu. Janairu da Fabrairu sun fi tabbas, don a lokacin dusar ta zauna.

Ga sabon shiga, ni Preda zuwa Bergün nake ba da shawara, a gabashin Suwizalan. Titin mota ne da ake rufewa da sanyi a bar wa masu zamiya, tsawonsa kilomita 6, yana da faɗi, gangararsa ba ta da gaggawa, kuma ana kunna masa fitilu da dare. Jirgin ƙasa na kamfanin Rhätische Bahn ke ɗaukar mutane daga Bergün ya hau da su Preda, yana shiga cikin dutse yana kewayawa yana fitowa a sama har ya ƙara tsayin sama da mita 400. Wannan layin dogo na Albula yana cikin wuraren tarihi na UNESCO tun 2008, kuma in kana gangarowa a ƙarƙashin gadojinsa na dutse za ka wuce. Daga Zurik ta garin Chur tafiyar awa biyu da rabi ce zuwa uku.

Davos ma tana da gajeriyar hanya daga Schatzalp, ba ta kai kilomita 3 ba, ita ma da haske. A Grindelwald ana yin zamiyar dare daga Alpiglen zuwa Brandegg, a gindin dutsen Eiger. Amma kada sunan Grindelwald ya ja ka zuwa Big Pintenfritz mai kilomita 15 daga kan Faulhorn: sai an yi tafiyar ƙafa ta fiye da awa biyu kafin a kai mafarinta, kuma ta rana ce. A Ostiriya akwai ta Wildkogel da ke sauka garin Bramberg, kilomita 14, gangarar mita 1,300, da fitilu har ƙarfe 10 na dare. Tana da daɗi ƙwarai, amma ka bar ta sai hannunka ya faɗa. Wurare da yawa suna yi wa hanyoyi launi: shuɗi mai sauƙi, ja matsakaici, baƙi na gwanaye. Kai shuɗi za ka nema.

Ba kowane dare ake buɗewa ba. Kafin ka biya kuɗin masauki, duba shafin wurin ka nemi kalmar Nachtschlitteln ko Nachtrodeln, ka ga ranakun, ka tsara kwanakinka a kansu.

Biza, inshora da lafiya

Suwizalan da Ostiriya duk bizar Schengen ce, wato biza guda da ake shiga ƙasashen Turai da yawa da ita. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun watan Yuni 2024, ana iya nema tun saura wata 6 a yi tafiya, kuma ofisoshin jakadancin ƙasashen biyu suna Abuja. Fara da wuri, don samun ranar ganawa kan ɗauki lokaci. Daga filin jirgin Sultan Abubakar III za ka tashi zuwa Abuja, daga can ka bi ta Istambul ko Farankfut.

Bizar tana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. A nan mutane ke yin kuskure, su sayi mafi arha don kawai a cika takarda. Tambayi mai sayarwa baki da baki: ta haɗa da wasannin ƙanƙara? Ta haɗa da ceto daga kan dutse? Ka sa ya nuna maka layin a rubuce. In ƙafa ta karye a kan dutse da dare, jirgi mai saukar ungulu ne zai iya zuwa ɗaukar ka, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Maganar lafiya kuma ban yarda a yi mata rufa-rufa ba. Sakkwato ba ta kai mita 300 daga tsayin teku ba, Preda kuwa ta kusa mita 1,800. Mai sikila, sanyi mai tsanani da ƙarancin iskar kan dutse su ne ainihin abubuwan da ke tayar masa da ciwo. Mai asma, busasshiyar iska mai sanyi tana toshe ƙirji. Mai ciwon zuciya, mai ciwon baya, da mace mai juna biyu, kowa ya ga likitansa kafin ya sayi tikiti. In likita ya hana, jirgin ƙasan nan kaɗai ya isa kallo.

Sutura

Ka san yadda ɗan kabu-kabu ke ji in ya ɗauko hanyar Wamakko da asuba a watan Janairu, iska na yankan kunne? To ka cire digiri 20 daga wannan, ka ƙara jiƙa. Da dare a kan waɗannan duwatsu sanyi kan sauka ƙasa da sifili da digiri 5 zuwa 15, gudun kujera kuma yana ƙara masa kaifi.

Hawa uku ake sa wa jiki. Na ciki mai manne wa fata, riga da wando, na ulu ko na zaren roba. Kada ya zama auduga, domin auduga tana shan gumi ta riƙe, in ka tsaya sai ta koma kamar an lulluɓe ka da jiƙaƙƙen tsumma. Singiletin da muka saba da ita a gida ta zauna a jaka. Na tsakiya suwaita mai kauri. Na waje jaket da wando waɗanda ruwa da iska ba sa ratsawa. Wandon jins ba ya cikin lissafi ko kaɗan, in ya jiƙe daskarewa yake. Na ciki da na tsakiya kana iya samun su wurin 'yan gwanjo a Babbar Kasuwa da hunturu, a farashi mai sauƙi. Na waje kuwa akwai shagunan da ke ba da haya a yawancin garuruwan nan.

Takalmi shi ne birkinka, don haka kada ka yi masa rowa. But mai rufe idon sawu, mai taurin ƙasa, mai zanen tafin da ke cizon ƙanƙara. Kambas mai santsi ba zai tsayar da kai ba. Ka sauko da bakin wando ya rufe bakin takalmin, in ba haka ba dusar da ƙafarka ke tonowa ciki za ta riƙa zuba. Safa guda mai kauri ta fi biyu da suka matse ƙafa suka hana jini gudu.

Sai safar hannu marar shan ruwa, abin rufe wuya da hanci, hular kwano, da gilashin ido mai farin madubi, don baƙin gilashi na rana ne. Sai tocilan goshi, ko da hanyar tana da fitilu, saboda tsakanin fitila da fitila akwai duhu. Shafa man kaɗanya a leɓe da kumatu kafin fita, yadda muke yi da hunturu.

Hajiya, ke kuma ga abin da matata ta yi kuma ya yi mata daidai: ƙaramin hijabi mai kama kai a ƙarƙashin hular kwano, aka cusa bakinsa cikin jaket, jaket ɗin kuma doguwa har gwiwa. Dogon hijabi, gyale, jelar rawani ko babbar riga, duk abin da ke lilo ƙarfen kujera na iya takawa ya shaƙe mutum. Wannan ba abin sassauci ba ne.

Koyi tsayawa da rana

Kada daren farko ya zama hawanka na farko. Ka ware yini guda ka bi hanyar da rana sau biyu ko uku, ka ga inda kwanoni suke, inda gada take, inda hanya ta matse. Kafin ma haka, nemi 'yar gangara a gefen gari inda yara ke wasa ka gwada abubuwa uku.

Zama. A zaune ake hawa, ƙafafu a gaba, ɗan jingine da baya, igiya a hannu. Ba a kwanciya rub da ciki kai a gaba. Mai yin haka kansa ne zai fara isa ga duk abin da ya tare hanya.

Birki. Abin da jiki zai ba ka shi ne ka miƙe ƙafa ka kafa diddige. Kada ka yi. Diddige kaɗai yana tono dusa ya watsa maka a fuska ka daina gani, in kuma ya ci karo da tauri sai idon sawu ko gwiwa su ɗauki bugun. Yadda ake yi: ka miƙe zaune, ka lanƙwasa gwiwa, ka ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa, duka biyun, dab da ƙafafun kujera, ka danna. In kana son tsayawa cak, sai ka ƙara da kama goshin kujerar da hannu biyu ka ɗaga shi sama kana matsawa baya, yadda bayan ƙarafan zai nutse cikin dusa. Kamar mahayin da ya ja linzami a ƙarshen sukuwa doki ya zauna kan ƙafafun baya. Ƙanena ya sa ni na maimaita wannan fiye da sau goma. "Yaya, sake," yake cewa, "sai ƙafarka ta yi da kanta ba ka yi tunani ba." Da daren ya zo na gane dalilinsa.

Juyawa. In za ka dama, ka taɓa ƙasa da ƙafar dama, ka karkata jiki dama. In hagu, hagu. Kujerar Davos tana da tauri, kusan da ƙafa kaɗai ake juya ta. Rodel ta Ostiriya kuwa gaɓoɓinta suna motsi, tana jin igiya: ka ja igiya ta ɓangaren da za ka, ka danna lanƙwasar ƙafar kujera ta ɗaya ɓangaren da ƙafarka, sai ta bi. In an ba ka zaɓi a shagon haya, ɗauki mai motsin, ta fi biyayya.

Ƙa'idar da ta haɗa su duka: kafin kwana ake rage gudu. In ka shiga kwana da gudu ka ce a ciki za ka taka birki, kujera za ta miƙe da kai zuwa bango ko ta juye. Duk wanda ya taɓa tuƙa babur a kan yashi ya san wannan.

Yammacin ranar

Da sanyi agogonsu da namu ɗaya ne, ba ka canza komai. Rana ce ke saurin faɗuwa: a Disamba da Janairu magariba kan yi tun wajen ƙarfe 5 saura, lisha kuma wajen 6 da rabi. Wannan ya yi wa Musulmi daɗi, don kana iya sallatar duka biyun a masauki, cikin ɗumi, kafin ka fita. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, saɓanin gabas da muka saba fuskanta a gida, ka duba manhajar wayarka. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin Fabrairu yana matsowa Janairu, to in tafiyarka ta dace da shi, yinin gajere ne, ka sha ruwa ka huta sannan ka hau.

Ci abinci mai ɗumi awa guda ko biyu kafin fita. A nan sai an buɗe ido. Wurare da yawa suna haɗa tikitin zamiyar dare da cin fondue, wato narkakken cuku da ake tsoma burodi, kuma a al'ada da farar giya ake dama shi. Abin sha mai tururi da ake kira Glühwein giya ce, Jagertee na Ostiriya ma haka. Kinderpunsch shi ne marar giya. Speck da Schinken naman alade ne, kuma sukan sa su cikin dankali da miya ba tare da an faɗa ba. Riƙe kalmomi biyu: ohne Alkohol, ba giya, da ohne Schweinefleisch, ba alade. Mu fulas muka cika da shayi mai citta da kanumfari, muka zuba dabino a aljihu. Dabino ya halatta ka shiga da shi, amma kilishi da dambun nama ka bar su gida, don dokar ƙasashen nan ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu.

A shagon haya, wanda yawanci yana bakin tasha, ka karɓi kujera da hular kwano. Juya kujerar ka duba ƙarafan ba su ɓalle ba, igiya ba ta tsinke ba. Tambayi abu biyu ka rubuta: ƙarfe nawa jirgi ko motar waya (mai rataye a igiyar ƙarfe tana hawa da mutane dutse) ta ƙarshe ke hawa, ƙarfe nawa ake kashe fitilu. In za ka yi sawu da yawa, tikitin dare gaba ɗaya ya fi arha a kan sayen ɗaiɗai. Wayarka ta zauna a aljihun ciki kusa da jiki, domin sanyi yana shanye batir cikin ɗan lokaci. Ka adana lambobin nan: 112 ko'ina a Turai, 144 motar asibiti a ƙasashen biyu, 1414 jirgin ceto na Rega a Suwizalan, 140 masu ceton kan dutse a Ostiriya.

Gangarowa

In jirgi ya sauke ku a sama, kowa zai ruga mafarin hanya. Kai ka dakata minti biyar. Bari masu gaggawa su wuce, ka ɗaure hular kwano, ka kunna tocila, ku yi shawara da 'yan tafiyarka: wanda ya fi iyawa ya zama na ƙarshe, don in wani ya faɗi ya tarar da shi, kuma ku sa wurin da za ku jira juna. Kada a ɗaure kujera da kujera. Ƙaramin yaro ba ya hawa shi kaɗai da dare, da babba zai hau, da hular kwanonsa.

Ka yi bisimilla ka tura da ƙafa. Abu na farko da za ka lura shi ne hanyar da ka bi da rana ta canza hali. Dusar da rana ta ɗan narkar ta daskare, ɗaruruwan kujeru sun goge ta, ta zama kamar gilashi. Inda ka ga hanya tana ƙyalli a ƙarƙashin fitila, ƙanƙara ce tsagwaronta, birki ba ya kamawa sosai a kanta, don haka tun kafin ka kai ka rage gudu, a kanta kuma ka miƙe kawai har ka wuce. Mita ɗari na farko ka gwada birki sau biyu ka ji yadda ƙasa take a daren.

Bar tazara mai yawa tsakaninka da na gaba. Na gaba shi ke da hanya, kai ne za ka kauce masa. In za ka wuce wani, sai inda hanya ta miƙe kana ganin gabanka, ka ɗaga murya ka ce Achtung, wato a yi hattara. Kada ka riƙe waya kana ɗaukar bidiyo. In hoto kake so, nemi miƙaƙƙen wuri, ka fita gefe sarai, ka jawo kujerarka. Ba a tsayawa a bayan kwana ko bayan tudu, inda mai zuwa ba zai gan ka ba sai ya iso.

Kuma ka tsaya ɗin, ko sau ɗaya. Mun tsaya a ƙarƙashin wata gada, muka kashe tocila. Shiru irin wanda ban taɓa ji ba sai a daji bayan Goronyo, itatuwa sun sunkuyo da nauyin dusa, numfashinmu na tashi kamar hayaƙin murhu. Sai ga jan jirgin nan ya ratsa ta samanmu da tagoginsa a haske, ya shige cikin dutse. Matata ta ce "Tabarakallah," ba wanda ya ƙara komai.

In an faɗi

Za ka iya faɗuwa, kusan kowa yana faɗuwa. Kada ka saki igiya, don kujerar da ta gangara ba mahayi tana iya karya wa wani ƙafa a ƙasa. Tashi maza ka koma gefe, sannan ka duba jikinka. In wani ne ya ji rauni, mutum ɗaya ya hau sama kaɗan da tocila yana tsayar da masu zuwa, a lulluɓe majinyacin, a sa wani abu tsakaninsa da ƙasa. In ya bugu a kai, wuya ko baya, kada a ɗaga shi, a kira lambar ceto a faɗi sunan hanyar da alamar da ta fi kusa.

Sanyi ma rauni ne. In yatsa ko kunne ya daina jin taɓi, ya yi tauri, fatar ta koma toka-toka, to ka sauka ka shiga ɗaki. Kada ka murza, kada ka kara a wuta ko jikin hita yadda muke yi da hunturu, don fatar da ba ta ji za ta ƙone ba ka sani ba. Ruwa mai ɗumin jiki ake sa wa, wajen digiri 37 zuwa 39, a hankali. In mutum yana karkarwa har maganarsa ta fara harɗewa, an gama zamiya a daren nan, a nemi taimako.

In ka ga allo an rubuta gesperrt, an rufe hanya ke nan. Kada ka ce sawu ɗaya ne ya rage. Bayan an rufe ne manyan motocin gyaran dusa ke fitowa, wasu suna aiki da igiyar ƙarfe da aka ɗaure a saman gangara, wadda ba a ganin ta cikin duhu.

A ƙasa, mayar da kujera inda aka ce, ka kaɗe dusar takalmi, ka cire jiƙaƙƙiyar safar hannu ka sa busasshiya da ka ajiye a jaka. Ka sha shayi ko ba ka jin ƙishi, don sanyi yana busar da jiki a ɓoye. Mu sawu uku muka yi a daren, muka bar na huɗu saboda cinyoyina sun fara rawa, kuma gajiyayyar ƙafa ba ta riƙe birki. Muna cikin jirgin komawa masauki na kira Inna, ƙarfe 10 a wurinmu, ƙarfe 10 a Sakkwato. Ta ce, "Kun sauko?" Na ce mun sauko. Ta ce to a ba ta ƙanena.